Fita zango da dawaki daga Legas: amsa ga mai shirin kwana a daji

Wani ɗan'uwa mazaunin Agege ya aiko da tambaya cewa shi da abokansa biyu suna da dawaki uku a wata barga da ke wajen Ajah, waɗanda suke fita kilisa da su bakin teku a ƙarshen mako, kuma suna hawa da su lokacin Sallah. Yanzu suna son su yi kwana uku a daji cikin hutun watan Agusta, ko dai a gandun dajin Omo ko a wani wuri wajen Epe, su riƙa bin hanyoyin daji a kan dawaki da rana, su kwana a tanti da dare. Yana son sanin kayan da za su tanada da abin da ya kamata su kiyaye.

Malam, na yi murna da wannan niyya taku, domin dokin da rayuwarsa ta tsaya tsakanin barga da yashin bakin teku yana cutuwa da rashin fili, kuma mahayi ba ya sanin ainihin halin dokinsa sai sun yi doguwar tafiya tare. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, shirin nan kamar yadda ka zayyana shi yana iya sa ku dawo da dawaki marasa lafiya, ko ma ku rasa ɗaya, Allah Ya kiyaye. Shawarata ita ce ku ɗage tafiyar daga Agusta zuwa tsakanin Disamba da farkon Fabrairu, ku bar batun kurmi ku nemi buɗaɗɗen fili, sannan ku mayar da kwana ukun nan dare ɗaya a wannan karo na farko. Tanti da tocila da tukunya, waɗanda ka fi ba wa ƙarfi a tambayarka, su ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

Dalilin farko shi ne ƙwari. Tun zamanin da, kurmin ƙasar Yarabawa bai taɓa yi wa doki daɗi ba. Tsohuwar daular Oyo ta yi ƙarfi ne da mayaƙa mahaya, amma babban birninta yana can arewa a cikin sarari, dawakinta kuma yawanci sayo su take yi daga Nufe da Bargu da ƙasar Hausa, kuma duk lokacin da rundunarta ta kutsa kurmi sai ƙarfin mahayan ya ragu. Ɗaya daga cikin manyan dalilan haka shi ne ƙudan tsando, wanda har yau yana nan a bakin rafuka da wuraren da inuwa ta yi duhu. Shi ne ke ɗauke da sammore, kuma irin sammoren da saniya za ta daɗe tana fama da shi yana iya kayar da doki cikin 'yan makonni. Abin da ya sa cutar ke yaudarar mutane shi ne ba ta bayyana a wurin zangon. Sai an dawo gida da mako ɗaya zuwa uku za a ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, ƙarƙashin ciki da ƙafafu sun kumbura, cikin ido ya yi fari, doki yana ramewa alhali yana cin abincinsa. Tsando da rana yake cizo, yana bin abin da ke motsi, kuma launin shuɗi da baƙi suna jan sa, shi ya sa da waɗannan launuka biyu ake ɗinka tarkon kama shi. Saboda haka ku guji baƙin lufuɗin sirdi da shuɗin tufafi a kan hanya, ku sa fari ko ruwan ƙasa.

A nan zan roƙe ka abu guda. Kada wani ya ce muku ku sayi allurar sammore ta shanu a kasuwa ku yi wa dawakin da kanku kafin tafiya. Maganin da makiyaya suka fi sani, wato Berenil da ire-irensa, jikin doki ba ya ɗaukarsa kamar jikin saniya, kuma awon da ya dace da saniya yana iya illata doki sosai. Akwai maganin rigakafi da likitocin dabbobi ke amfani da shi, amma likita ne zai auna nauyin dokin, ya duba yanayin wurin da za ku je, ya yanke ko ya dace a yi.

Cuta ta biyu ita ce annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa. Ba su kai sauro girma ba, har sukan ratsa ramukan gidan sauro na yau da kullum, kuma sun fi fitowa daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. A danshin ƙasa da ta gauraya da kashin dabbobi suke hayayyafa, don haka damina ce lokacinsu. Alamarta sananniya ce ga duk wanda ya taɓa gani: kwarmin da ke saman idon doki ya cika ya kumbura, numfashi ya yi wuya, a ƙarshe kumfa ta riƙa fita ta hanci. Ba ta da magani, sai rigakafi, kuma a cikin dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba takan kashe har tara cikin goma. Dawakinmu na gida sun fi juriya, amma idan a cikin naku akwai ɗan Ajantina irin na 'yan folo ko wanda ke da jininsu, to kada ya kwana a waje sai an tabbatar rigakafinsa yana kan lokaci. A yi masa makonni kafin tafiya, domin bayan allurar akan so doki ya huta daga aiki mai nauyi na wani lokaci. A zama guda kuma likita ya duba rigakafin cutar sarƙe-haƙora, domin doki yana cikin dabbobin da ta fi saurin kamawa, kuma ƙaya ɗaya ko tsohon ƙusa a kofato ya isa ya jawo ta.

Gaskiya ne ruwan sama yakan ɗan tsagaita a Legas cikin Agusta, amma ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwan Yuni da Yuli, rafuka sun cika, ƙwari kuma suna kan ganiyarsu. Ga kuma laimar iska. Doki da gumi yake sanyaya jikinsa, kuma gumin ba ya amfani sai ya bushe. Idan iska ta cika da danshi, sai ka ga gumi yana tsiyaya daga cikin doki amma jikinsa yana ƙara zafi. Da hunturu kuwa iska takan bushe ko a nan kudu, dare ya yi sanyi, hanyoyi su yi tauri, ƙwari su ragu matuƙa.

Game da wuri, gandun dajin Omo da ke Jihar Ogun, kimanin kilomita 135 daga Legas, kurmi ne na gaske, mai rafuka da inuwa da motocin katako, har da sauran giwaye, kuma duk abin da na lissafa a sama yana tattare a cikinsa. Wuri ne mai kyau ga mai tafiya a ƙasa tare da ɗan rakiya, amma ban yarda ku kai dawakinku can ba. Cibiyar adana halittu ta Lekki da aka kafa a 1990, kadada 78 ce kawai, kuma gadojin katako ne aka shimfiɗa wa masu tafiya a ƙasa, don haka ba wurin doki ba ce. Gandun dajin ƙasa na Tsohuwar Oyo, mai faɗin murabba'in kilomita 2,512, shi ne ke da irin sararin da doki ke so, sai dai yana da nisa, akwai tsando a bakin kogunansa, kuma dokar gandayen ƙasa ta hana shigar da dabbobin gida ba tare da izini ba. Wanda ke son zuwa can sai ya fara samun izini a rubuce daga hukumar gandun, ya faɗa musu tun farko cewa da dawaki zai zo, ya kuma saurari abin da za su ce game da tsaro. Wannan tafiya ce ta gaba. A karon farko ku nemi babbar gona ta wani da kuka sani, a kan tudu wajen Epe ko Ikorodu ko hanyar Abeokuta, mai rijiya ko famfon burtsatse, wadda mota ke iya shiga har ciki, kuma likitan dabbobi zai iya iso ta cikin awa biyu.

Akwai wani al'amari da ya shafe mu musamman, mu 'yan Arewa mazauna nan, kuma bai kamata a yi shiru a kansa ba. Tun bayan rikice-rikicen 2021 a yankin Ibarapa da kasuwar Shasha ta Ibadan, mutanen ƙauyukan kudu maso yamma suna ɗari-ɗari da baƙi masu dabbobi. Jihar Oyo ta yi dokar hana kiwon sake a 2019, Legas da Ogun suka yi tasu a 2021, ga kuma jami'an Amotekun, rundunar tsaron jihohin yankin da aka kafa a 2020, suna sintiri a Ogun da Oyo. Manomin da ya hango wuta da tanti da dabbobi a bakin gonarsa da dare ba zai tsaya tambayar ko yawon shaƙatawa kuka zo ba. Saboda haka ku je wurin mako ɗaya ko biyu kafin ranar, ba tare da dawaki ba, mai gonar ya kai ku ku gaida Baale, wato mai garin, ku yi masa bayanin ranar zuwa da ranar tashi da hanyar da za ku bi. Ku sanar da ofishin 'yan sanda na yankin, idan kuma akwai Sarkin Hausawa a garin ku kai masa gaisuwa. Ku ɗauki ɗan gari mai jin Yarabanci ya zama jagoranku, ku biya shi haƙƙinsa. Takobi da mashi na ado su zauna a gida, adda guda ta sharar fili ta isa, ita ma a cikin mota. Kada a bar doki ya sa baki a gonar kowa, kuma wannan kariya ce ga dokin kansa, domin rogo ne ya cika gonakin yankin, ganyensa da ɓawonsa ɗanye kuwa suna da guba.

Sai shirya dawakin, wanda zai ɗauke ku makonni shida zuwa takwas. Dokin da ke sukuwar minti ashirin a bakin teku yana da zafin nama, amma ba shi da jimirin tafiyar awa uku da mutum a bayansa. Ku fara da tafiya zalla ta minti arba'in zuwa awa ɗaya, sau huɗu a mako, kuna ƙarawa sannu a hankali, daga baya ku riƙa sa sassarfa a tsakani. Ku nemi jar ƙasa mai tsakuwa ku riƙa bi, domin kofaton da ya saba da yashi yana da laushi, kuma hanyar marmara takan cinye shi cikin yini guda. A gyara kofato kamar mako biyu kafin tafiya, kada a bari sai ana gobe. Ku koyi auna bugun jini: ka sa yatsu biyu a gefen ƙashin muƙamuƙi ta ciki, za ka ji jijiya tana motsi, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Doki mai hutawa yana tsakanin 28 da 44 a minti, numfashinsa 8 zuwa 16, zafin jikinsa kuma digiri 37.5 zuwa 38.5. Idan kun tsaya bayan aiki, bugun ya kamata ya sauko ƙasa da 60 cikin minti goma sha biyar. Wanda nasa ya ƙi saukowa bai shirya ba tukuna, ko da kuwa yana tuma yana haniniya.

Nauyi ma abin lissafi ne. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada kayan da ke bayan doki su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, har da sirdi. Dokinmu na gida mai kilo 350 ke nan kilo 70 ne rabonsa, kuma yawancin magidanta su kaɗai sun kai haka. Ma'ana babu wurin ɗaura tanti ko buhun abinci a bayansa, dole a sami mota da za ta kai kaya zangon. Sirdin hawan Sallah da kayan adonsa an yi su ne domin hawa na ɗan lokaci a cikin gari, suna da nauyi kuma suna riƙe zafi. Ku yi amfani da sirdi mara nauyi wanda dokin ya saba da shi tun lokacin horo. Duk ranar da kuka sauke sirdi, ku dubi bayan dokin kafin gumi ya bushe: idan ko'ina ya jiƙe amma akwai wani ɗan wuri busasshe kusa da doron kafaɗa, nan ne sirdin ke dannewa, kuma nan miki zai fito. Linzamin gargajiya mai zobe yana da kaifi a baki, ku sa mai sauƙi, a ƙarƙashinsa kuma a bar ragama domin ɗauri.

Ranar tafiya ku loda dawaki tun kafin asuba, domin awa biyu a cikin cunkoson Berger ko gadar Kara da rana tsaka, a cikin motar ƙarfe, ta fi tafiyar yini gajiyar da doki. A zuba yashi ko ɓuntun shinkafa a ƙasan motar don kada su zame, kada kuma a ɗaure kai sama ƙam, a bar masa damar sunkuyawa ya fyace ƙurar da ya shaƙa. Idan kun isa, ku ba su ruwa da ciyawa su huta kafin a ɗora sirdi. A watan Disamba rana tana fitowa ne wajen ƙarfe bakwai saura a wannan yanki, saboda haka mafi kyawun lokacin hawa shi ne daga bakwai da rabi zuwa sha ɗaya, sai kuma ɗan gajeren zagaye bayan la'asar wanda zai ƙare tun rana da sauranta. Doki yana cin kimanin kilomita shida a awa idan tafiya yake, don haka kilomita 15 zuwa 20 a yini sun ishe ku. Kowace awa ku sauka na minti goma, ku sassauta majayi, ku duba kofato ko tsakuwa ta maƙale. Idan kun zo fadama ko bakin rafi, mutum ɗaya ya sauka ya gwada ƙasar da sanda, domin taɓon yankin bakin teku yakan yi ɓawo a sama alhali ƙarƙashinsa zai iya haɗiye doki har ciki.

Ruwa shi ne kayan da ya fi kowanne nauyi a motarku. Doki mai aiki a zafi yana shan lita 40 ko fiye a yini, dawaki uku ke nan aƙalla jarka biyar masu cin lita 25, ban da na wanke musu jiki da na shanku da alwala. Ku kawo wani kaso daga ruwan da suka saba sha a barga, domin doki yakan ƙi baƙon ruwa saboda wari, ya wuni da ƙishi. Ruwan tafkunan da ke haɗe da teku yakan yi gishiri-gishiri da rani, kada ku dogara da shi. Akwai tsohuwar magana cewa ba a ba dokin da ya yi gumi ruwa, ba a kuma zuba masa ruwan sanyi. Binciken da aka yi gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ya nuna cewa zuba ruwan sanyi a jikin doki mai zafi shi ne mafi saurin sauko da zafinsa, kuma ba ya cutar da shi. Ku bar shi ya sha, ku yi ta kwara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi a ƙarƙashin inuwa. Domin gane ƙishi, ka ja fatar wuyansa ka saki, ya kamata ta koma nan take, ka kuma danna dasashinsa da yatsa, jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Gumin doki yana fita da gishiri mai yawa, don haka a sa ɗan gishiri ko kanwar da ya saba lasa a abincinsa.

Abinci kuwa, kada a canza komai. Harawa da dusa da hatsin da yake ci a barga su za ku ɗauko, kimanin kilo 7 na busasshiyar ciyawa ko harawa ga kowane doki a yini. Cikin doki ƙarami ne, ba ya iya amai, kuma canjin abinci farat ɗaya shi ne babbar hanyar murɗar ciki. A fara ba shi ciyawa, hatsi ya biyo baya kaɗan-kaɗan bayan jikinsa ya huce. A zuba a kan buhu ko tamfol, kada a zuba a ƙasa, domin dawakin bakin teku yawanci sun riga sun tara yashi a hanji. Idan ka ga doki ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana son kwanciya ya yi birgima, kuma bai yi kashi ba, ka janye abinci, ka riƙa zagayawa da shi a hankali, ka kira likita nan take.

Wurin zango ya kasance a kan tudu inda iska ke kaɗawa, aƙalla mita 60 daga ruwa, domin waɗannan ƙananan ƙwari ba su iya tashi cikin iska. Ku zagaya filin tun da sauran haske ku duba ramuka da tsohon itace, saboda maciji, ku kuma duba ko akwai layin kwarkwasa, domin idan suka bi ta kan dokin da ke ɗaure da dare zai tsinke igiya ko ya ji wa kansa ciwo. Turke da ɗaurin ƙafa irin namu suna da kyau ga dokin da ya saba da su, matuƙar ƙasar tana da taurin riƙe turken. Idan yashi ce, gara a ja igiya mai kauri tsakanin bishiyoyi biyu sama da kan doki, a naɗa buhu a jikin bishiyar don kada ta ɗaye, a ɗaura ragama a jikinta da ƙullin da ja ɗaya ke kwance shi, da tsawon da zai ba shi damar kai baki ƙasa ya kuma kwanta. Ba a ɗaure doki da linzami. Tun da yawancinmu ingarmu muke hawa, a raba su nesa yadda ba za su kai wa juna cizo ko harbi ba, kada kuma a haɗa tafiyar da goɗiya. Ku gwada wannan ɗauri a barga dare biyu ko uku kafin ranar. Da la'asar a shafa musu maganin korar ƙwari wanda likita ya amince da shi, a share ciyawa kewaye da murhu saboda gobarar rani, a tura ɗan hayaƙi ta inda iska za ta kai musu shi. Ku raba daren gida uku, kowa ya yi gadi da tocila a hannu. Ku kanku ku sa hular kwano da takalmi mai dunduniya a kan doki, ku kwana cikin gidan sauro, ku san asibiti mafi kusa da inda wayar salula ke kamawa. Da safe a watsa kashin dawakin ko a ba mai gona taki, a kashe wuta da ruwa, a kwashe leda da gwangwani.

Bayan kun dawo Ajah, ku ware waɗannan ukun daga sauran dawakin bargar gwargwadon iko, ku bi jikinsu da hannu ku cire kaska a cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya da tsakanin cinyoyi, domin ita ma tana ɗauke da cutar da ke lalata jini. Sannan a riƙa auna zafin jikinsu safe da yamma har tsawon makonni uku, ana rubutawa a littafi. Duk ranar da ma'auni ya haura 38.5 alhali dokin bai yi aiki ba, a kira likita ya ɗebi jini tun zazzaɓin yana jiki, domin a lokacin ne aka fi samun ƙwayar sammore a gwaji, kuma a gaya masa sunan wurin da kuka kwana da rafukan da kuka ƙetare.